Allurar Mazantaka, Kaurin Jini da Ledar Sadaka

A asibitocinmu tsoron da ake yi wa jini iri ɗaya ne: kada ya yi ƙasa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke cikin garin Yola, ko a Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ya san yadda maganar take zuwa. An auna, jini ya yi ƙasa, a nemo masu bayarwa, ana son leda biyu kafin a shiga tiyata. Tsoron yana da dalili, domin zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jinin yara duk damina, masu sikila suna faɗuwa babu shiri, mata suna zubar da jini a wurin haihuwa, ga haɗarin mota a hanyar Numan da ta Mubi. Shi ya sa muka tashi da fahimtar cewa yawan jini shi ne lafiya, kuma ba kasafai za ka ji wani a Bako ko Doubeli ko Jambutu yana fargabar cewa nasa ya wuce kima ba. Amma akwai wasu maza da matsalarsu ke nan, su ne masu karɓar allurar testosteron, sinadarin mazantaka, wasu da izinin likita, wasu kuma a bayan kantar kemis. Allurar tana kaurara jini. Akwai kuma wata shawara da ta taso daga wuraren ɗaga ƙarfe da asibitocin kuɗi na Amurka, ta biyo Facebook da TikTok ta shigo wayoyinmu, mai cewa maganin kaurin yana da sauƙi: ka je ka ba da jini duk bayan wata uku, ka rage nauyi ka kuma sami lada. Ina ganin shawarar nan kuskure ce. Ba ta kare mai allurar yadda yake zato, tana kuma ɗora wa ma'ajiyar jini nauyin da ba nata ba. Kaurin jinin da magani ya jawo, a wurin maganin ake gyara shi, a gaban likitan da ya rubuta shi.

Kafin a kai nan, ya kamata a yi wa maganin adalci. Testosteron sinadari ne da maraina suke samarwa bisa umarnin wani ɗan ƙululu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya ƙarfafa tsoka da ƙashi, ya tayar da sha'awa. A 1935 aka fara tace shi a birnin Amstadam, a shekarar kuma masana suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Akwai maza da jikinsu ba ya samar da shi yadda ya kamata: wanda aka haifa da larurar Klinefelter, wanda hangum ya sauka masa a maraina bayan ya balaga, wanda ya ji rauni a wurin, wanda ƙari ya fito masa a wancan ƙululun na ƙwaƙwalwa, da wasu daga cikin masu sikila. Ga irin waɗannan allurar rahama ce, tana maido musu da ƙarfi da ƙashi da zaman aure, kuma babu abin kunya a cikinta. Sai dai likitoci ba sa ɗora mutum a kanta don ya ce yana jin gajiya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta fitar a 2018 ta ce sai an auna sinadarin sau biyu, da sassafe, a ranaku daban-daban, an ga ya gaza 300 a ma'auninsu, sannan kuma mutumin yana da alamun rashin. Abin da ke faruwa a titi daban ne. Magidanci ya ga ƙarfinsa ya ragu, kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya fara da maganin maza na tasha, ya koma ƙwaya, daga nan wani ya raɗa masa cewa akwai allura mai suna Sustanon. Alhali sau da yawa abin da ke cin sa ciwon sukari ne, ko hawan jini, ko teɓa, ko rashin barci, ko tiramadol ɗin da yake sha don ya jure aiki, wanda shi kansa yana danne sinadarin mazantaka. Akwai kuma abin da mai kemis ba zai gaya masa ba. Idan jiki ya ga testosteron yana shigowa daga waje, sai ya daina umartar maraina su yi aiki, ƙwayoyin haihuwa su ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin hanyar hana haihuwa ta maza, a binciken da aka buga a 1990, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mazan sun wayi gari babu ƙwayar haihuwa a maniyyinsu muddin suna kan allurar. Wanda ya yi amarya yana neman ɗa, ya je ya sha wannan allura don ya burge ta, ya kamata ya san haka.

Yadda allurar take kaurara jini ba wani abin sirri ba ne. Jajayen ƙwayoyin jini a ɓargo ake ƙera su, kowace tana rayuwa kimanin kwana 120, kuma ɓargo ba ya ƙera su sai da umarni da kayan aiki. Umarnin daga ƙoda yake zuwa, ta wani sinadari da ake taƙaita sunansa da EPO. Kayan aikin kuwa sinadarin ƙarfe ne, wanda hanta take tsare ƙofarsa da wani sinadarin mai suna hefsidin. Testosteron yana taɓa duka biyun: ya sa ƙoda ta ƙara umarni, ya kuma danne mai tsaron ƙofar, ƙarfe ya yawaita a hannun ɓargo. Wannan ne ma dalilin da ya sa jinin namiji lafiyayye ya ɗan fi na mace yawa. Idan sinadarin ya shigo ta allura mai saurin aiki, wadda ke haurawa sama sosai a kwanakin farko sannan ta faɗo, ƙarin ya fi tsanani fiye da na mai shafa shi a fata kullum, kuma ya fi kama dattawa fiye da matasa. Awon da ke nuna wannan shi ne wanda kowane ɗakin gwaji a Jimeta yake yi kullum, wanda ma'aikata ke kira PCV. Za a huda yatsa, a zuƙi jini a siririn bututun gilashi, a toshe gindinsa, a sa a na'ura ta juya shi na 'yan mintuna. Idan an ciro, za ka ga jan ya kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya tsaya a sama, sai a ɗora bututun a kan ma'auni a karanta kashi nawa ne jan cikin ɗari. Namiji lafiyayye yakan faɗa tsakanin 40 da 50. Yaron da zazzaɓi ya cinye yana iya zuwa da 15, a ruga neman jini. Mai allura yana iya zuwa da 55 yana tafe da ƙafarsa, fuskarsa ta ciko, mutane suna cewa Alhaji ya murmure.

Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2018, ta sa iyaka a fili: kada a fara wa mutum maganin idan awonsa ya haura 48, a sake aunawa bayan wata uku zuwa shida da farawa, sannan duk shekara, idan kuma ya wuce 54 a dakatar har ya sauko, a koma da ƙaramin awo. Dalilin iyakar shi ne jini mai kauri yana tafiya da ƙyar a ƙananan jijiyoyi, zuciya tana wahalar tura shi, kuma ya fi saurin yin guda. Gudan nan idan ya tsaya a ƙafa sai ta kumbura, idan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu sai numfashi ya sarƙe, idan a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki ke nan. A 2022 likitoci a Jami'ar Miyami sun duba bayanan dubban maza masu karɓar maganin, suka ga cewa a shekarar farko, cikin waɗanda awonsu ya kai 52, kimanin biyar cikin ɗari sun gamu da ciwon zuciya ko shanyewar jiki ko gudan jini, a yayin da cikin waɗanda awonsu bai kai haka ba adadin bai cika huɗu ba. Bincike ne na duba takardun asibiti, don haka bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba, amma ya yi daidai da abin da aka sani game da jini mai kauri. Ƙa'idar ta ɗan sassauta wa mazauna tsaunuka, inda iska ke da ƙarancin abin shaƙa har jiki ya ƙara jini da kansa, kamar mutanen Gembu a tsaunin Mambila. Mu ba mu da wannan uzuri, Yola a kwarin Binuwai take. Abin da muke da shi zafi ne. A watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana haura 40, gumi yana kwashe ruwan jiki, kuma idan ruwan jini ya ragu, kason jan yana ƙaruwa ko da ba a ƙera ƙwaya ɗaya ba. Azumin 2024 a tsakiyar wannan zafi ya faɗo. Mutumin da awonsa yake 53 da safe, ya yini a kasuwar Jimeta ko a kan Keke Napep babu ruwa har faɗuwar rana, ba jinin da ya fita da shi ne ke yawo a jikinsa da la'asar ba.

To, ga hujjar masu cewa a je a ba da jini, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa tana bukatar aƙalla mutum ɗaya cikin ɗari ya ba da jini a shekara kafin ta biya bukatarta ta yau da kullum. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ana maganar leda miliyan biyu ke nan, kuma jami'an hukumar jini ta ƙasa sun sha faɗa cewa abin da ake samu bai kai ko kusa da haka ba. A rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2020 'yan Nijeriya ne, kuma zubar jini yana sahun gaba a cikin dalilan. Ana haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara a ƙasar nan. Mutanen Jimeta kuma ba su manta 2015 ba, da bam ɗin masallacin Jambutu a watan Oktoba da na kasuwar kayan gwari a watan Nuwamba, lokacin da aka riƙa shigo da masu rauni asibiti a jere, kowa yana bukatar jini a sa'a guda. Idan haka ne, in ji mai wannan hujja, ga mutum jininsa ya yi masa yawa, ga mace tana mutuwa don rashinsa, wane irin hankali ne zai hana a haɗa su?

Amsa ta farko ita ce dabarar ba ta yin aikin da ake zato. An gwada an gani. A 2017 aka buga wani nazari daga cibiyoyin karɓar jini na lardin Ontariyo a Kanada, inda aka bi maza 39 masu karɓar testosteron da ke zuwa ba da jini. A kashi ɗaya cikin huɗu na zuwansu an tarar jinin ya kai matakin da ake tsoro, kuma kusan rabin waɗanda suka riƙa dawowa sun ci gaba da zuwa da jini mai kauri duk da ledojin da aka ɗiba. Masu nazarin suka kammala da cewa maimaita bayarwa bai isa ya riƙe awon a ƙasa da 54 ba, suka kuma nuna damuwa cewa yana sa mutum da likitansa su saki jiki. Lissafin a bayyane yake. Leda ɗaya kimanin mililita 450 ce, tana sauke awon da maki uku ko kusa da haka, kuma ba a yarda namiji ya sake bayarwa ba sai bayan wata uku. Allurar kuwa duk sati biyu ko uku ake maimaita ta, kullum tana gaya wa ɓargo ya ƙara. Mai kwalekwale a Binuwai da jirginsa ya ɓule, idan ya tsaya kwashe ruwa da ƙwarya lokaci-lokaci ya ƙi toshe ɓular, ruwan zai riga shi. Sannan kowace leda tana tafiya da sinadarin ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma yana ɗaukar watanni kafin ya mayar da shi daga abinci. Wanda ya jera bayarwa yana kan allura, rumbun ƙarfensa yana iya ƙarewa alhali awon jininsa yana nan sama, domin ɓargo yana wawure ɗan abin da ya rage. Sai kasala ta dawo, da rashin kuzari, da ciwon kai, wato ainihin abubuwan da suka kai shi ga allurar tun farko. Ba wuya ya ce allurar ce ta yi masa kaɗan, ya ƙara. An gudu ba a tsira ba.

Amsa ta biyu ta shafi abin da ma'ajiyar jini take dubawa. Aikinta ta tabbatar cewa mai bayarwa yana da isasshen jini, kada a ɗiba ya faɗi. Tsohuwar hanyar da har yanzu ake amfani da ita a wurare da yawa ta nuna haka sarai: ana ɗiga ɗigon jini a cikin wani shuɗin ruwa mai sinadarin jan ƙarfe, idan ɗigon ya nutse an ci jarrabawa, idan ya tsaya yana yawo a sama a ce ka je ka ci abinci mai kyau ka dawo. Ɗigon mai 42 zai nutse, na mai 58 ma zai nutse, har ya fi sauri. Ruwan ba ya sanin bambanci. Ko a inda ake da na'ura mai ba da lamba, idon ma'aikaci yana kan ƙasan ma'auni ne, domin abin da ya saba gani ke nan. Mutum zai tashi daga gadon a ba shi lemo, a ce masa an gode, Allah ya saka, ya fita yana ganin an duba shi an ce lafiya lau. Babu wanda ya tambayi nawa yake sha, babu wanda ya rubuta lambar a katinsa don a kwatanta da ta wata uku masu zuwa, babu wanda ya binciki ko akwai wani abin da ke taya allurar. Kuma sau da yawa akwai. Mai minshari mai tsanani wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, jikinsa yana ƙara jini don neman iska. Mai shan taba da mai zuƙar shisha haka. Akwai ma wata cutar ɓargo da ke sa shi ƙera jini babu umarnin kowa, wadda aka gano canjin ƙwayar halittar da ke haddasa ta a 2005, kuma tana bukatar kulawar likitan jini har iyakar rai. Wanda ya jingina komai ga allura, ya riƙa zuwa ana ɗiba, zai iya rufe wannan cuta shekaru.

Amsa ta uku ita ce ta fi damuna, domin ta shafi wanda ba ya nan lokacin da ake shawarar, wato wanda za a ƙara wa jinin. Duk tsarin karɓar jini a duniya a kan gaskiyar mai bayarwa ya tsaya. Ana gwada kowace leda don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, amma kowane gwaji yana da 'yan kwanaki ko makonni bayan kamuwa da ba ya ganin cutar, kuma tazarar ta fi faɗi a inda ake dogaro da gwajin gaggawa. Abin da ke toshe wannan giɓi shi ne tambayoyin da ake yi kafin a ɗaura igiya a dantse, da amsar gaskiya. Masanin zamantakewa na Ingila Richard Titmuss ya nuna a littafinsa na 1970 cewa jinin da ake saye ya fi na kyauta ɗauko cuta, saboda mai bukatar kuɗi yana da dalilin ɓoye abin da zai sa a kore shi. A 1975 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su gina tsarinsu a kan masu bayarwa don Allah, babu biya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini a Nijeriya, a 2021 kuma aka kafa hukumar jini ta ƙasa da doka. Duk da haka har yau mafi yawan jinin asibitocinmu daga 'yan'uwan majinyaci yake zuwa, da waɗanda ke rakuɓe a bakin ƙofa ana ciniki da su a kira su 'yan'uwa. Mutumin da ya zo don ya sauke kaurin jininsa bai karɓi kuɗi ba, amma yana da bukata, kuma bukatar za ta iya rufe masa baki kamar yadda kuɗi ke rufe na wancan. Idan ya san faɗin gaskiya zai sa a ce ya koma gida, ga kansa yana sarawa, ga tsoron shanyewar jiki, me zai ce idan an tambaye shi ko ya taɓa yin allurar da likita bai rubuta ba? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 kan zaɓen masu ba da jini ta ce a dakatar da masu yi wa kansu allurar da ba ta likita ba, kuma dalilin ba sinadarin ba ne, hanyar shigarsa ce: sirinjin da ba a san ko sabo ba ne, kwalbar da mutum biyu suka zuƙa, maganin da ba a san inda aka haɗa shi ba. Wadda za ta ɗauki wannan kasada mai jego ce da ba ta cikin hayyacinta, ko yaro mai sikila da za a ƙara wa jini sau da yawa a rayuwarsa.

Wani zai ce, ashe ke nan a rufe ƙofa ga duk mai karɓar testosteron. Ban yarda da wannan ba, kuma zalunci ne. Wanda likita ya tabbatar da larurarsa, yana karɓar maganinsa a hannun ma'aikacin lafiya da sabon sirinji, ana auna shi a kan kari, awonsa yana cikin iyaka, mai ba da jini ne kamar kowa, kuma ƙasashe da dama suna karɓar jininsa. Ɗan sinadarin da ke cikin leda ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Babban gwajin da aka buga a 2023, wanda aka yi da maza 5,246 masu shekara 45 zuwa 80 da ke da ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi, ya nuna cewa maganin shafawa bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar jiki ba idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba, ko da yake an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu da taɓuwar ƙoda. Masu tallar allura suna son ambaton rabin farko na wannan sakamako. Abin da ba sa faɗa shi ne mazan nan an tabbatar da ƙarancinsu kafin a fara, na shafawa aka ba su, ana auna jininsu a kai a kai, ana rage maganin ga duk wanda ya haura 54. Amincin da aka gani na maganin da ake sa wa ido ne. Irin wannan mutum idan ya zo ba da jini, ya faɗi abin da yake sha a fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a auna shi da lamba, idan yana cikin iyaka a karɓa da godiya. Gaskiya ne kuma likitoci da kansu sukan ɗebi jinin majinyaci idan awon ya yi sama sosai kuma ga alamu. Amma wannan magani ne da ake rubutawa, da adadi, da awo kafin da bayan, tare da gyara allurar a lokaci guda. Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin ɗibar jini ma, gwajin Italiya na 2013, a kan masu waccan cutar ɓargo aka yi shi, ba masu allura ba.

Haka nan maganar ƙaho. Wanzamanmu sun daɗe suna yin sa, hijama kuma tana da asali a sunna, ba ni da ja a kan wanda ya yi ta don bin sunna ko don sauƙin jiki. Sai dai jinin da ke taruwa a ƙaho ko a kofi ɗan kaɗan ne daga ƙananan jijiyoyin fata, baƙin da ake gani a cikinsa kuma na daskarewa ne da rashin iska, ba alamar an zaƙulo mai kaurin an bar mai kyau ba. Ba zai sauke 56 ya koma 48 ba. Wanda aka yi wa tsaga kwanan nan ma ya kamata ya faɗa a wurin ba da jini, domin akan jinkirta masa na wani lokaci saboda aska.

Hujjar da ta rage ita ce ta aljihu: talaka ba shi da kuɗin ganin ƙwararren likita, awon sinadarin kansa yana da tsada, gara ya yi dabarar da ba ta cin ko sisi. Tsadar awon sinadarin gaskiya ce. Amma PCV yana cikin mafi arhar gwaje-gwajen da ake yi a garin nan, bai kai kuɗin kwalbar allura ɗaya ba, kuma kafin mutum ya gama gaisawa da ma'aikata sakamako ya fito. Wanda ya iya sayen allura duk wata ya iya wannan. Nauyin kuma ba a kansa kaɗai yake ba. Testosteron magani ne da ba a sayarwa sai da takardar likita, kuma lasisin mai ƙaramin kantin magani bai ba shi damar sayar da shi ba, balle ya tsira wa mutum a bayan labule. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa da NAFDAC suna da ikon bin wannan, kuma ya kamata su bi shi a Jimeta da Yola da irin himmar da aka bi maganin tari mai kodin bayan haramcin 2018. Wuraren karɓar jini su ƙara tambaya ɗaya a takardarsu, a yi ta da Hausa da Fulatanci, a keɓe, cikin mutunci: Malam, kana karɓar allurar ƙarin ƙarfi ko ta gina jiki, wa ya rubuta maka? Su sa iyaka ta sama kamar yadda suke da ta ƙasa, wanda ya haura kuma kada a sallame shi hannu rabbana, a rubuta masa lambar a takarda a tura shi sashen likitocin jini. Can ne za a dakatar da allurar har awon ya sauko, ko a rage ta, ko a raba ta ƙanana a jere don kada ta riƙa haurawa sama, ko a mayar da shi na shafawa, a tambayi matarsa yadda yake barci, a duba ƙodarsa da hawan jininsa da rumbun ƙarfensa. Wanda kuma ya fara allurar da kansa ya daɗe a kai, kada ya yanke ta dare ɗaya ba tare da shawara ba, domin marainansa sun daɗe ba sa aiki kuma suna bukatar watanni kafin su farfaɗo. Idan yana kan allura ya ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe masa, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya saki, sashen gaggawa za a kai shi nan take, kuma wanda ya raka shi ya tafi da kwalbar maganin a hannu don likita ya ga sunanta da awonta.